Ku Tambaya a Ba Ku Amsa: Jiran GTA 6 ya fara haukata mutane

Jama'a sallama. Tun da kamfanin Rockstar suka sake ɗaga ranar fitar gem ɗinsu GTA 6 saƙonni suka yi min rubdugu, kusan duk magana ɗaya ce sai dai kowa da irin zafin da ya zo da shi, wani ma ba tambaya ya turo ba, zagin kamfanin kawai ya rubuto ya ce in isar musu. Ba ni da lambarsu ɗan'uwa. Na tsinto waɗanda suka ɗan bambanta, wasu na rage musu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Don Allah wai mutanen nan raina mana hankali suke ko me? Ina firamare GTA 5 ya fito, yanzu na gama jami'a har ina neman aiki amma na shida shiru, kullum sai a ce mana gobe. Ni dai abin da nake lallaɓa kaina da shi shi ne tunda ya daɗe haka dole ya fi kowane gem da aka taɓa yi, ko ba haka ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Fushinka yana da hujja, don idan ka duba yadda suka saba a baya za ka ga an canza mana tafiya ne gaba ɗaya. GTA 3 ya fito 2001, Vice City 2002, San Andreas 2004, GTA 4 2008, sai GTA 5 a watan Satumba 2013. Wato cikin shekara 12 sun ba mu manya guda biyar, sannan a shekara 12 da suka biyo baya ko ɗaya babu. Da farko sun ce ƙarshen 2025, suka dawo suka ce 26 ga Mayu 2026, sannan suka ƙara turawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026.

Dalilin farko kuɗi ne, kar wani ya ruɗe ka. GTA 5 ya tara dala biliyan 1 cikin kwana uku da fitowarsa, ya zuwa yanzu an sayar da kwafi sama da miliyan 200, an sake fitar da shi a PS4 a 2014, aka ƙara fitar da shi a PS5 a 2022, ga GTA Online da mutane ke zuba kuɗin gaske suna sayen kuɗin cikin gem don su mallaki mota da gida. To wanda abu ɗaya ke kawo masa irin wannan, wane sauri zai yi? Na biyu kuma ba zaune suke ba, Red Dead Redemption 2 (RDR2) da ya fito 2018 ya cinye musu shekaru da kusan duk ma'aikatansu. Na uku tsoro, sun ga abin da ya samu Cyberpunk 2077 a Disamba 2020, gem ɗin da aka yi shekaru ana zuzutawa ya fito yana sandarewa a PS4, mutane na shigewa cikin bango, har Sony suka cire shi daga shagonsu na onlayin bai dawo ba sai Yunin 2021. Su kansu Rockstar sun ɗanɗana a 2021 da suka sabunta tsofaffin GTA guda uku, abin ya fito da kurakurai har sai da suka fito suka ba da haƙuri.

Amma inda ka ce tunda ya daɗe dole ya yi kyau, nan ne zan taka maka birki. Ka taɓa jin Duke Nukem Forever? An sanar da shi 1997, ci gaban Duke Nukem 3D ne wanda ya tashi kan 'yan gem a 1996, aka yi ta canza injin da ake gina shi a kai, a rushe a sake, har kamfanin 3D Realms ya kasa, Gearbox suka karɓa suka ƙarasa ya fito 2011. Shekara 14! Kuma da ya fito mutane suka riƙe baki, don ya zo da barkwanci da salon da zamani ya riga ya wuce. A ɗaya ɓangaren ga Baldur's Gate 3, na biyunsa tun 2000, na uku sai 2023, kuma shi ya lashe kyautar gem ɗin shekara. Ka ga dogon jira yana iya haifar da wannan yana iya haifar da wancan. Ni ina kyautata wa Rockstar zato saboda tarihinsu, RDR2 ma an ɗaga shi sau biyu kuma ya fito lafiya, amma tarihin ne hujjata, yawan shekarun ba ya gaya maka komai.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Wani abokina ya turo min link wai GTA 6 na waya ne, an ce in sauke in saka lambata a turo min kod. Gsky ne? Kuma in ba gsky ba ne, zai zo a kwamfuta ko PS4?

AMSA: Kar ka taɓa shi, kar ka saka lambarka, kuma ka gaya wa abokin naka ya goge. Gem ɗin da ko masu PS5 ba su samu ba ta ina zai biyo ya faɗo wayarka? Irin waɗannan ko dai talla za su cika maka waya da shi ko su kwashe bayananka. Rockstar sun ambaci na'ura biyu ne, PS5 da Xbox Series X da S. PS4 ka cire rai. Kwamfuta kuwa in aka bi al'adarsu sai an yi haƙuri, GTA 5 sai Afrilun 2015 ya zo kwamfuta, sama da shekara ɗaya da rabi bayan fitowarsa, RDR2 ma sai da ya shekara. Waya kuma ka tuna San Andreas na 2004 sai 2013 ya shigo ta.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ba yaro ba ne, na haura 35, da San Andreas na girma a PS2, har yau na haddace cit (lambobin sirri na gem) ɗin jirgi da na makamai. Wlh na kalli tirelar GTA 6 duka biyun, girafik kam ba magana amma ban ji komai a raina ba. Ina jin tsoron in sayi PS5 don shi kaɗai kuma ya ƙi yi min daɗi kamar na CJ, jarumin San Andreas. Matsalata ce ko gem ɗin yanzu ne ba su da rai?

AMSA: Ɗan'uwa wannan tambayar taka ita ce ta fi tsaya min a rai a duk wanda aka turo, kuma amsar ba za ta yi maka daɗi sosai ba. Ba San Andreas kaɗai kake kewa ba. Kana kewar kanka ne a lokacin da ba ka da abin da ya dame ka, ku cika ɗaki ana karɓa-karɓar hannu, wani na karanto cit daga takardar da ta sha ninki, a yi ta fama da mishan ɗin jirgin ƙasan nan da Big Smoke, abokin CJ, ke bayanka a babur yana harbi yana kuma ɗora maka laifi. Wannan ba ya cikin faifan, kuma ba kamfanin da zai iya saka shi a na gaba. Kamar ka koma ajin da ka yi firamare ne, ka tarar bencin da kake ganinsa ƙato ashe ko gwiwarka bai kai ba. In kana so ka gwada, kunna San Andreas ɗin asali yau ka buga awa biyu, ka ga yadda saiti yake wahala da yadda mishan ke mayar da kai can farko in ka mutu.

Kuma wannan ita ce ƙaƙa-ni-ka-yin duk mai son yin ci gaban tsohon gem. In ya canza a ce ya ɓata, in bai canza ba a ce ya tsufa. Bari in ba ka misalin kowanne. Shenmue 2 ya fito 2001 ya bar labari a rataye, masoya suka yi shekara 14 suna roƙo, a 2015 mai gem ɗin Yu Suzuki ya hau dandamali ya ce a taimaka da kuɗi a Kickstarter, aka tara masa sama da dala miliyan 6, akwai bidiyon manya da gemu suna hawaye ranar. Ya fito 2019 kusan sak yadda na da yake, tafiya a hankali, magana a hankali, kuma ko labarin bai ƙarasa ba. Wasu tsofaffin masoya sun ji daɗi, amma da yawa suka gane ashe abin da suka roƙa ba shi suke so ba.

Sai kuma Return to Monkey Island na 2022. Ron Gilbert da ya yi na farko da na biyu a 1990 da 1991 shi ya dawo da kansa bayan shekara 30, abin da masoya suka daɗe suna mafarki ke nan, amma da ya nuna sabon salon zanen sai aka yi masa ca, zagi har ya rufe wurin kwament a shafinsa ya ce ya daina magana kan gem ɗin. Da gem ya fito kuma aka yaba shi sosai. Ka ga hukuncin an yanke shi ne tun kafin kowa ya taɓa.

Wanda a ganina ya gane bakin zaren shi ne Streets of Rage 4. Na uku tun 1994 a Sega, na huɗu sai 2020, kuma ba ma Sega da kansu suka gina shi ba, wasu ƙananan kamfanoni ne na mutanen da suka girma da gem ɗin. Suka sake zane gaba ɗaya da hannu amma suka bar abin da yatsa ya saba, nauyin naushi, tafiya daga hagu zuwa dama, kai da abokinka kuna dukan 'yan daba. Abin da ya kamata a riƙe suka riƙe.

To shawara: kar ka sayi PS5 don gem ɗaya tun bai fito ba. Ka bari ya fito, ka samu wanda yake da shi ka karɓi hannu ka buga ko awa uku ne, kuma in ka zauna kar ka zauna da niyyar neman CJ a ciki don ba ya nan, wannan garin Vice City ne da sababbin jarumai Jason da Lucia. In ya kama ka ka saya, in bai kama ka ba ba abin kunya ba ne mutum ya wuce wani abu.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni mace ce kuma ina buga gem sosai, muna da guruf na 'yan gem, tunda aka nuna Lucia ake rigima, wasu wai an lalata GTA tunda an saka mace, da na yi magana aka taru a kaina wai me na sani. Abin ya ɓata min rai har na yi tunanin fita. Wai wannan ne karon farko da aka yi mace jaruma?

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, kuma sannu da haƙuri. A GTA tun da ya koma irin wanda muka sani a 2001, e, wannan ne karon farko da mace ke cikin manyan jaruman labarin. Amma a duniyar gem? Haba. Samus ta Metroid tun 1986, Lara Croft ta Tomb Raider tun 1996, kuma na tabbata cikin masu hayaniyar nan akwai waɗanda in an kunna Mortal Kombat Kitana ko Mileena suke ɗauka ba wanda ya ji ƙorafinsu. Sannan Lucia ba ita kaɗai ba ce, su biyu ne da Jason, GTA 5 ma ai mutum uku ake juyawa tsakaninsu.

Abin da ke faruwa shi ne idan mutane suka daɗe suna jiran abu sai kowa ya gina nasa a kansa, ya tsara jarumi ya tsara gari, ranar da na gaske ya leƙo bai yi kama da na kan nasa ba sai ya ji kamar an ƙwace masa wani abu. Kuma wani lokacin abin yana wuce wasa. Da The Last of Us Part 2 ya fito 2020, Laura Bailey wadda ta yi muryar Abby sai da aka riƙa tura mata barazanar kisa saboda abin da wata 'yar cikin gem ta aikata a labarin da ba ita ta rubuta ba. Kin ga hauka. Mutum yana da damar ya ce labari bai yi masa ba, ni ma akwai abubuwan da ban so ba a wancan gem ɗin, amma daga nan zuwa cin mutuncin mutum akwai tazara.

Maganar guruf kuma, in admin yana gani ana zaginki ya yi shiru to ki fita abinki, gurufan gem ba su ƙare ba. In kuma mutum biyu ko uku ne masu baki, ki bar su, ranar da gem ya fito su za ki fara gani suna ɗora hoton Lucia a sitatus.

TAMBAYA: Assalamu alaikum ɗana. Ni uwa ce, yarona shekararsa 12, ya dame ni da maganar wannan GTA ɗin har ya fara tara kuɗi. Ni ban san kan abin ba. Ya dace da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam Mama, Allah ya raya mana shi. A gaskiya bai dace ba. GTA 5 hukumar tantance gem ta Amurka ta sa masa shekara 17 zuwa sama, ta Turai ta sa 18, saboda akwai harbi da kisa da ƙwaya da ashar da wuraren da ba na yara ba, kuma abin da aka nuna a tirelar na shida bai nuna an sassauta ba. Ki riƙa duba bayan kwalin gem ko shafinsa, lambar shekarun tana nan a rubuce, kuma na'urorin yanzu suna da saitin iyaye da za ki iya kulle gem ɗin manya. Amma kar a tsaya a hani kawai, tunda ya iya tara kuɗi a nuna masa inda zai kai su, Minecraft ko Rocket League ko na ƙwallo, ko Astro Bot in PS5 gare shi, wanda shi ya ci kyautar gem ɗin shekara a 2024 kuma manya ma suna bugawa.

TAMBAYA: Oga, ni dariya abin ke ba ni, na ga mutane suna ƙirga kwanan wata da ramukan harsashi a hoto wai don su gano ranar tirela. Wai lafiya kuwa? Kuma da an buɗe oda in biya tun kafin ya fito ko in jira? An ce ma dala 100 zai kai.

AMSA: Lafiyar ke nan abokina, shiru ne ya yi musu yawa. Tirela ta farko ta fito Disamba 2023, ita ma sai da wani ya sace ta ya ɗora kafin lokaci dole Rockstar suka saki tasu da wuri, cikin awa 24 aka kalle ta sama da sau miliyan 90 a YouTube. Daga nan suka yi gum har Mayun 2025. To wata 17 ba labari, me kake so mutane su yi? Suka koma duba siffar wata a hotunan GTA Online suna lissafi. Kafin nan ma a Satumban 2022 wani matashi ɗan Ingila ya yi musu kutse ya watsa bidiyo kusan 90 na gem ɗin tun yana ɗanye, mutane suka hau kushe wai girafik ɗin bai yi ba, har ma'aikatan wasu kamfanoni suka riƙa ɗora hotunan yadda nasu shahararrun gem ɗin suke a farkon gini don a gane ba a fara aiki da fenti.

Kuma ba 'yan GTA kaɗai ba ne. Masu jiran Half-Life 3 tun 2007 suke rataye, duk motsin da Valve, kamfanin da ya yi shi, suka yi sai an ce alama ce. Masu jiran Hollow Knight: Silksong tun Fabrairun 2019 suke, duk taron gem sai su taru ba a nuna shi ba su koma suna ɗora hoton kansu da hancin ɗan kama, ranar da ya fito 4 ga Satumba 2025 sai da Steam, shagon onlayin na gem ɗin kwamfuta, ya tsaya cak saboda cunkoso, ƙaramin kamfani ne fa a Ostireliya, Team Cherry, kuma dala 20 suka sa masa. Ba a yi sati ba aka koma kukan ya yi wuya, har suka fitar da gyara suka sassauta wasu bos, wato manyan abokan gaba, na farko-farko.

Zancen dala 100 daga bakin masu hasashen kasuwa ya taso, ba sanarwar Rockstar ba ce. Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne manyan gem sun tashi daga dala 60 zuwa 70 a zamanin PS5, sannan Nintendo suka sa wa Mario Kart World 80 a 2025.

Oda tun kafin ya fito kuwa ni ba na ba da shawara. A da ana yi ne don faifai yana ƙarewa a shago, yanzu da ake saukewa ta intanet me zai ƙare? Abin da kawai za ka samu shi ne ɗan kyautar kaya na cikin gem da damar saukewa kafin ranar. Waɗanda suka biya Cyberpunk tun da wuri a PS4 su suka koma bin layin neman a mayar musu da kuɗinsu. Ka jira kwana biyu ko uku bayan ya fito, ka kalli bidiyon mutanen da suka saya da kuɗinsu suna bugawa a irin na'urarka, musamman in Series S gare ka don ita ce mafi ƙarancin ƙarfi a cikinsu. Abu ɗaya da zan ce ka yi tun kafin ranar shi ne ka share wuri a na'urarka, RDR2 ma kusan gigabait 100 ya ci a PS4, sannan ka kulle kalmomin Lucia da Jason a X da TikTok kafin wani ya gaya maka ƙarshen labarin a kwament.